Yadda Aka Yi Sadaka da Ƙofar Pandele

Pandele abokina ne tun muna yawo da gajeren wando a Layin Rijiya, nan birnin Bukarest. Ni na zama mai aski, shi ya zama mai saka gilashin taga. Duk tsawon rayuwarsa ni nake masa aski, kuma bai taɓa tashi daga kujerata ba sai ya kalli madubi ya ce, "Ilarie, kai da Allah. Ka mayar da kaina kamar dankalin da makaho ya fere." Wata mai zuwa kuma sai ga shi ya dawo. A kakar da ta wuce muka binne shi. Ina so in rubuta yadda ya rabu da ƙofarsa, domin yanzu kowa a unguwa yana ba da labarin yadda ya ga dama, har akwai masu cewa a caca ya saka ta. Ƙarya suke yi.

Aikinsa na yawo ne. Yana da wani katako mai maɗauri da yake goyawa, ya jera gilasai a ciki, ya bi layi-layi yana kiran masu fasasshiyar taga. Tun yana saurayi bayansa ya lanƙwashe, ko ba kaya yana tafe kamar mai neman allura a ƙasa. Ana cewa idan kasuwa ta yi masa sanyi yakan saya wa yaran layi ƙwallo. Bai taɓa musantawa ba. Bai yi aure ba, da uwarsa Zinka ya zauna har ta rasu, a ɗakin ƙarshe na gidanmu na haya, kusa da famfo, ƙarƙashin kurangar inabi.

Gidan nan gwamnatin da ce ta ƙwace shi daga hannun wasu masu kuɗi ta zuba iyayenmu a ciki. Da zamani ya juya, sai kotu ta mayar wa jikokin masu kuɗin, su kuma ko leƙowa ba su yi ba suka sayar wa wani kamfani. Haka aka yi wa layin kaf, gida bayan gida. Ranar da aka zo da 'yan sanda a fitar da mu, kowa ya rungumi abin da zai iya. Wata ta ɗauki murhu, wani ya ɗauki agogon bango. Pandele ya ɗauko guduma ya zare ƙusoshin ƙofarsa.

Wani ɗan sanda ya ce, "Baba, wannan kayan gida ne, ajiye."

"Ɗakin nasu ne, na ji, takarda ta faɗa," in ji Pandele. "Ƙofar kuwa uwata ce ta sa kafinta ya yi mata da kuɗin wankau. Je ka duba takardar, in ka ga sunan ƙofa a ciki ka zo ka karɓa."

Ya goya ta ya fita. Koriya ce, mai nauyi, da ƙaramin gilashi a sama wanda shi da kansa ya saka.

Mutanen layi suka watse, wasu wurin 'ya'yansu, wasu ƙauye. Ni 'yata ta ɗauke ni zuwa ɗan gidanta na bene, inda nake kwana a kicin. Na roƙi surukina a ba Pandele baranda, ya yarda da ƙyar, amma ƙofar ta ƙi shiga na'urar hawa bene, ta ƙi juyawa a matakala, Pandele kuwa ya ce inda ba ta shiga ba shi ma ba ya shiga. Gidan kwanan marasa galihu ma suka ce mutum suke karɓa, ban da katako. Sai ya tare a bayan tsohuwar silima da aka rufe, inda wani bututun ruwan zafi ya ratsa jikin bango. In zai kwanta sai ya ɗora ƙofar a kan bulo ya hau. Da gari ya waye sai ya jingina ta da bango ya shige bayanta ya zauna.

Duk mai son ganinsa kuma dole ya ƙwanƙwasa. Nakan kai masa miyar wake a kwalba, in tsaya in buga.

"Waye?"

"Ni ne, tsohon banza. Ga ƙafafunka nan ina gani."

"Ba na nan."

"To miyar fa?"

"Miyar ta shigo. Mai askin ya goge ƙafa tukuna."

In wani ya kira shi marar gida sai ransa ya ɓaci. Yakan ce mutumin da yake da ƙofa yana da gida, bango ne kawai ya rasa, bango kuwa ko jaki yana da shi. Muna dariya, amma ƙirjinsa ba na dariya ba ne. Likitar da ke duba marasa galihu ta faɗa masa a gabana cewa duk ranar da ya fara kwana a kan siminti cikin sanyi, to ya yi sallama da ganin furen bazara. Ƙofar nan ce tsakaninsa da ƙasa.

Ana nan sai ga Ruksandra. Jikar mai gasa burodin layinmu ce, ta yi karatu ta zama malamar tarihi. Ta bi mu ɗaya-ɗaya har ta tara waɗanda suka rage a zauren coci. Ta ce layin ya cika da shagunan kofi da ɗakunan saukar baƙi, nan gaba kaɗan ba wanda zai san an taɓa yin mutane a wurin. Tana so a yi baje kolin tarihin Layin Rijiya na yini guda, kowa ya kawo abu ɗaya daga tsohon gidansa, ya ba da labarinsa da bakinsa. Ta ce ba ita za ta tsara ba, mu ne masu abu, abin da muka yanke shi za a yi.

Zaman farko ya ƙare a kan gardamar wanda ya faɗa rijiya shekarar babbar ƙanƙara, ko mijin Tanti Filofteya ne ko akuyarsa. Filofteya, da muke ce wa Tanti kamar kowace dattijuwa, maƙwabciyarmu ce, gajeriya mai murya kamar ta mai tallan kifi, kuma ta rantse dukansu biyun ne suka faɗa, akuyar aka fara cirowa don ta fi amfani. Ruksandra ta ɗauki komai a wayarta tana murmushi.

Pandele bai zo zaman ba, don haka na raka ta bayan silima. Ban faɗa mata komai ba, amma yarinyar nan da ta ga ƙofa a jingine da ƙafafu a ƙarƙashi, sai ta tsaya ta ƙwanƙwasa, har ta goge takalminta a kan kwalta.

"Nea Pandele," ta ce, da kiran girmamawar da muke yi wa dattijo, "ko kana ciki?"

Sai muka ji ya ce, "Ilarie, ka ga 'yar mutane? Kai sai da na shekara ina koya maka."

Ta roƙe shi aron ƙofar. Ya ce a'a, ya ce wataƙila, ya ce sai ya yi shawara da ƙofar. Daga ƙarshe ya kafa sharuɗɗa. A dawo masa da ita kafin rana ta faɗi. Shi ne zai zagaya da baƙi cikin layin ya nuna musu inda komai yake a da. Sannan a dafa koliba, dafaffiyar alkamar nan mai sukari da muke rabawa don matattu, domin a cewarsa layi ya mutu ba wanda ya yi masa sadaka ko ta cokali ɗaya. Idon Ruksandra ya kawo ruwa, ta ce wannan magana ta fi duk abin da ta karanta a littafi.

Ranar kuwa Filofteya ce ta zaɓa. Ta ce a yi Asabar ɗin matattu ta farkon sanyi, a bakin ƙofar coci, don a ranar ce mata ke cika wurin maƙil, kowa ta zo da kwanuka da kofuna da tufafi tana rabawa don ran mamatanta. "In jama'a kuke so, ranar ce," in ji ta. Duk muka ce Filofteya ta yi kai. Har tafi aka yi mata.

Da safiyar Asabar muka jera dogayen tebura a jikin katangar coci, muka shimfiɗa fararen ƙyallaye. Filofteya ta kawo kofin mijinta Kostake. Ni na kawo tasar askin mahaifina. Akwai keken ɗinki, barguna, tukwane, faranti masu fure, agogo, fitilar kwai, takalman aure. A jikin kowanne Ruksandra ta liƙa 'yar takarda da sunan mai shi, masu su kuwa kusan duk suna maƙabarta. Aka ajiye tiren koliba a tsakiya aka kunna kyandir. Ƙofar Pandele ta tsaya a kan gaba, ya wanke ta tas, ya ɗaura mata tawul ɗin uwarsa mai ado a mariƙi. Na tsaya na kalli teburan nan na ce a raina sun yi kyau, sun yi kama da wani abu da na sani, amma ban tsaya tuna ko mene ne ba.

Baƙi suka taru, ɗalibai da malamai da wasu sababbin mazauna layin, har da wata mai kare sanye da rigar sanyi da ta fi ta Pandele kauri. Muka bar Filofteya tana gadin kaya muka shiga zagaye, Pandele a gaba cikin kwat ɗin surukina da hannunta ya wuce yatsunsa.

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya nuna musu inda rijiyar take, ya ce zurfinta ya kai in ka jefa guga ranar Litinin sai Laraba za ka ji ƙara. Ya nuna inda mai burodi ya kori ɓarawo da matar ɓarawon da surukar ɓarawon. Na ce masa surukar ba ta zo ba, ya ce ta zo daga baya. Da muka isa tsohon gidanmu, wanda ya zama shagon kofi, sai ya tura ƙofar gilashi ya shiga kai tsaye da jama'a a bayansa, ya tsaya a kan wani saurayi da budurwa.

"Ku ci gaba da shan abinku, 'ya'yana. Kai saurayi, nan inda ka zauna aka haife ni. Daidai ƙarƙashin kujerarka ungozoma ta ajiye tasa."

Saurayin ya miƙe tsaye da kofinsa a hannu, ya rasa inda zai sa kansa.

Pandele ya juya ga akwatin gilashi da aka jera kek a ciki, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. "Aikin banza, an saka shi a karkace. Nan kuma, jama'a, nan ne masai yake. Iyali bakwai, rami ɗaya. In Kostake ya shiga da jarida sai dai ka tafi gidan maƙwabta."

Wata mata da ta kai kek bakinta ta mayar da shi faranti a hankali. Yarinyar da ke sayarwa ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta haɗa masa kofi kyauta da zanen fure a kan kumfa. Ya kalla ya ce shi bai saba shan hoto ba, amma ya shanye. Zagayen da aka ce na ɗan lokaci ne ya kai mu har bayan an tashi daga coci.

Muna karyo kwana za mu koma, sai na ga wata tsohuwa ta wuce mu da tasa a hammata. Na ce, "Pandele, tasar can kamar ta babana." Shi kuwa yana kallon wata da ke tura keken jariri, a ciki kuwa keken ɗinki ne an lulluɓe shi da bargo. Ruksandra ta fara gudu.

Teburan nan wayam, ko ƙyallen ba a bari ba. Filofteya ce kaɗai zaune a kan kujera da tiren koliba da aka suɗe, fuskarta na sheƙi kamar wadda ta dawo daga aikin lada.

"Tanti," in ji Ruksandra, "ina kayan?"

"Kada ki ɗaga mini murya, 'yar nan, na riƙe uwarki a zanen goyo. Zauna ki ji."

Ga yadda ta ce an yi. Da aka tashi daga coci, wata tsohuwa ta zo ta ɗebi koliba, ta ga kofi da suna a jiki da kyandir na ci, sai ta ɗauka ta karanta, ta yi alamar gicciye ta ce Allah ya jiƙan Kostake, ta ce bogdaproste, godiyar da mai karɓar sadakar mamaci ke yi.

"To ku faɗa mini," in ji Filofteya, "ranar matattu, a bakin coci, baiwar Allah ta riƙe kofin mijina tana masa addu'a, sai in fizge? Mutumin da tunda ya mutu ba mai yi masa addu'a sai ni, ni ɗin ma rabi zagi ne?"

"Kofi ɗaya ke nan," na ce. "Sauran fa?"

"Sauran mata suka gani suka yo layi. Sai na ce yanzu Kostake, mashayin giya, yana can yana shan ruwa a kofinsa, mahaifin Ilarie mutumin kirki yana zaune gemu buzu-buzu ba tasa? Ina adalci a nan? Sai na shiga rabawa, kowa da sunansa, ban tsallake ko ɗaya ba. Fadan coci ma ya fito ya yi wa teburin turare, ya ce bai taɓa ganin sadaka mai tsari irin wannan ba."

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da aka bayar don mamaci yana isa hannunsa a can, wanda kuma ya je ya karɓo, daga hannun mamacin ya ƙwace. Pandele yana tsaye yana kallon katanga, wurin da ƙofar ta bar alamar ƙafarta a ƙasa.

"Filofteya," ya ce a hankali, "ƙofata."

"Na ba uwarka."

"Uwata ta mutu tun kina da haƙora."

"Shi ya sa! Shekara da shekaru Zinka na can ba ƙofa, duk wanda ya wuce sai ya leƙa ta, kai kana nan kana kwanciya a kai kamar kyanwa. Ka ɗaura mata tawul da hannunka kamar yadda ake yi wa kayan sadaka, me kake so in zata?"

Ruksandra ta fashe da kuka. Ta ce laifinta ne, za ta bi gida-gida, za ta kira 'yan sanda in ta kama, ba za a kwana ba sai ƙofar ta dawo. Pandele ya dafa kafaɗarta da hannun kwat ɗin nan mai reto.

"Bar ta, 'yata. Ba ki san Zinka ba. Ko tana da rai in abu ya shiga hannunta ba ya fitowa, balle yanzu da take da mala'iku a bayanta."

Ya yi dariya, muka taya shi. Amma da yamma da na kai masa kwalaye da tsohon bargo, na iske shi zaune a jikin bututu, a fili, kowa na wucewa yana kallonsa. Na tsaya da kwalbar miya a hannu na rasa inda zan ƙwanƙwasa. Ya ce, "Shigo kawai, Ilarie." Tunda muke bai taɓa ce mini haka ba. Kafin mako ya zagayo tarinsa ya fara jiyuwa tun daga bakin titi. Surukina ya ce yanzu ai ba ƙofa, ya zo baranda. Ya ƙi. Ya ce shi ba tukunyar fure ba ne.

Muka sake zama a zauren coci, kowa ya sunkuyar da kai sai Filofteya. Ita ce ma ta ce, tunda ba a ƙwato sadakar da aka riga aka bayar, ai ba a hana ziyararta ba, kuma duk wadda ta ɗauki abu ta san ta, ta san gidanta, ta san wanda ya yi wa 'yarta ciki. Sai muka shiga bin kayan, Ruksandra da wayarta, mu da ƙafafunmu. Ashe matan nan yawancinsu irinmu ne, an tashe su daga wasu layukan sun maƙale a ɗakunan bayan gida. Kowace ka je sai ta zaunar da kai, ta nuna maka inda ta ajiye abin, sannan ta kwance maka labarin nata layin. Tasar mahaifina na same ta an jiƙa wake a ciki. Ruksandra ta ce ta fita neman tarihin layi ɗaya ta dawo da na rabin gari.

Ƙofar tana wurin Tanti Paraskiba, wata gwauruwa doguwa da ta yi aikin yankan tikiti a jirgin ƙasa na cikin gari har ta yi ritaya, kuma har yanzu tana yi wa mutane magana kamar ba su biya ba. Tana zaune a wani ɗaki da a da rumbun itace ne, can ƙuryar wani tsakar gida, bargo ne rataye a bakinsa. Mai haƙan kabari ne ya turo mata ƙofar a baro. Pandele ya ce ba zai je ba, amma muna tafiya muka ji tari a bayanmu.

Muka sami ƙofar a jingine da bango, ƙafa a sama, gilashi a ƙasa.

Paraskiba ta fito da tsintsiya. "In ƙofa kuka zo karɓa, na riga na ce bogdaproste. Ku je ku yi shari'a da Zinka."

"Ba wanda ya zo karɓa, baiwar Allah," in ji Pandele. "Amma ke a garinku da ka ake tsayuwa? Kin kifa mini uwa!"

"Kai ne ɗan? Wayyo Zinka, ashe da dalili ta mutu."

"Me ya hana ki kafa ta?"

"Ta fi bakin ɗakin faɗi. Gobe za a zo da zarto a rage ta."

Na zaci Pandele zai faɗi. Ya dafa bango, ya yi tari, ya ce in aka sa wa ƙofar nan zarto to a haɗa da wuyansa. Ya aike ni aro guduma da kurfi. Yini guda muna sassaƙe bangon baiwar Allah don a faɗaɗa wa ƙofa wuri, tana tsaye a kanmu tana cewa in rufin ya rufto a kanmu za ta binne mu a nan ta huta da kuɗin mota. Kafin magariba ƙofa ta tsaya, tana buɗewa tana rufuwa ba ko ƙara. Paraskiba ta shiga ta rufe ta a fuskarmu, muka ji ta murɗa makulli sau biyu, ta buɗe, ta sake murɗawa. Daga baya ta faɗa mini rabonta da kulle ɗaki tun ranar da aka tashe ta daga nata gidan.

Washegari Pandele ya koma, wai zai ɗiga wa ƙarfen mai. Jibi ya koma goge gilashi. Gata ya ce ya yi mafarki mariƙin na girgiɗi. Kullum sai sun yi cacar baki.

"Ƙofata ce, malam, ka daina shafa ta."

"Ta uwata ce. Ke ajiya aka ba ki."

"To uwarka ta ce ka tafi gida."

"Ai nan ne gidan, ke ce kika tare a bayansa."

Sannu a hankali ya kwaso kwalayensa daga bayan silima ya dawo bakin ƙofar, inda babu ko bututun zafi. Na yi faɗa, Ruksandra ta yi roƙo, likita ta aiko da saƙo. Ya ce ya saba barci yana jin ƙamshin fentin nan. Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka na yi sammako da bargon 'yata. Ina shiga tsakar gidan na ga Paraskiba ta turo ƙofa da bokiti a hannu, ƙofar ta bugi wani tulin fari, tulin ya yi tari.

Ta ajiye bokitin. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kai, tashi. Tarinka ya hana ni barci, gawarka kuma za ta hana ni fita. In ka mutu a nan 'yan sanda za su ɗauke ƙofar su ce shaida ce, ka san su. Akwai benci a bayan murhu."

Pandele ya ɗago kai, gemunsa duk ƙanƙara. "Ni ba na karɓar sadaka."

"Wa ya ba ka sadaka? Aiki ne. Ƙofa tana son mai kula da ita, ni kuma gwiwata ba ta durƙuso. Ba waƙa, ba labarin rijiya, kuma duk ranar da ka kawo mini zancen aure da tsintsiyar nan zan raka ka."

"Aure? Ke? Gara in auri mai askin can."

"Ni ma ban ce ina so ba," na ce, ina share ido da bargon.

Muka kama shi muka shigar da shi. A bakin ƙofa ya tsaya, ya goge ƙafa.

Bai mutu a sanyin nan ba, bai mutu a na bayansa ba. Ya yi ƙiba har kwat ɗin surukina ta zauna masa, don bai taɓa mayarwa ba. Zagayen kuma ya zama al'ada. Lokaci-lokaci ranar Asabar Ruksandra takan kawo baƙi, a bi gida-gida ana gaida kofi da agogo da keken ɗinki, masu riƙonsu na ba da labari, a ƙare a ƙofar koriya. Pandele ya tsaya a gabanta ya faɗi yadda ya goya ta ya tsallake 'yan sanda goma, wata rana ashirin, Paraskiba kuma daga ciki tana ɗaga murya tana cewa ƙarya ne, a sayi kabejinta mai tsami a tafi.

Ƙirjin ne dai ya ci shi daga ƙarshe. Da ya kwanta, Paraskiba ta sauke shi daga benci ta ba shi gadonta, ta ce don bencin ya huta ne. Ranar ƙarshe mutanen Layin Rijiya suka yi ta zuwa, har da yarinyar shagon kofi. Ɗakin ya cika, wasu a tsaye a waje suna leƙe, ƙofa a wangale. Fada ya gama addu'a. Pandele ya daɗe bai motsa ba, Filofteya har ta fara jan numfashin kuka. Sai ya buɗe ido ɗaya, leɓensa na motsi. Na sunkuya na kai kunnena, ina jiran wasiyya.

"Ilarie," ya ce, "a daji aka haifi mutanen nan? Iska za ta kashe ni. Rufe mini ƙofa."

Na tashi na ture mutane na rufe ta. Da na dawo bakin gadon ya riga ya cika. Na riƙe hannunsa, da sauran ɗumi, Paraskiba tana gyara masa bargo tana ce masa ai sai ya yi magana tun ɗazu, shi komai sai an yi masa tsawa.